Kwana Huɗun da Tani Ta Shayar da Bilkisu

Duk wanda ya taɓa shan miyar kuka a Kajiji ya ji ta yi masa daɗi, da wuya in ba gabun Tani ne a ciki ba. Shekara arba'in ke nan tana wannan sana'a. Da an cire albasa a fadama sai ta bi gonaki ta kwaso lawashi, ta daka, ta cuccura, ta shanya bisa rufin ɗaki, har ƙamshin ya kama mata zane da gashi da komai. Mace ce gajera, mai saurin tafiya, mai saurin baki. In kika taya gabunta da raini sai ta fizge abinta daga hannunki ta ce ki je ki yi miya da gishiri zalla, ta ga wanda zai ci.

Daga Dandin Mahe aka kawo ta aure. Ɗanta na fari shi ne Lawali, wanda har yau bakinta bai taɓa furta sunansa ba saboda kunyar ɗan fari. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan", in za ta kira shi sai ta ce "kai". Bayansa ta binne biyu, sannan ta sami Attahiru.

Attahiru na da wata huɗu faccalarta Mairo, matar ƙanen mijinta, ta haifi 'ya mace, haihuwar fari. Tsofaffin gidan suka yi abin da suka gada. Suka tatsi nonon Mairo a ludayi, suka jefa tururuwa ciki don su gani ko nonon na da kyau. Tururuwa ta yi ta fafutuka har ta mutu. Don Allah ina tururuwar da za a jefa a ludayin nono ta fito tana dariya? Amma tsofaffi suka ce nono ya ɓaci, sai an wanke shi da jiƙo kafin a ba jaririya. Ita kuwa jaririya ba ruwanta da wannan bayani, tsala kuka take kamar za ta shiɗe. Tani na zaune a gefe, nono na zuba har ya jiƙe mata riga. Ta ce, "Ku miƙo min ita, ta ishe mu da kuka." Kwana huɗu tana shayar da ita tare da Attahiru, kafin a ce nonon Mairo ya gyaru. Ran suna aka sa wa yarinya Bilkisu.

Matan gidan suka mai da abin na wasa. Sukan ce, "Attahiru dai ya yi asarar mata, Bilkisu ta zama ƙanwatai." A saninsu, wanda aka sha nono tare da shi a cinya ɗaya, shi ne ɗan'uwan shayarwa. Sauran 'ya'yan ba su a ciki, tunda ba tare aka sha ba. Haka suka ji daga iyayensu, haka suka riƙe. Mazan gidan kuwa ko labari ba su ji ba. Wa zai je zaure ya ce wa maigida ga wadda ta ba wa nono?

Shekara goma sha tara bayan haka Lawali ya ce Bilkisu yake so, ita ma ta sunkuyar da kai tana murmushi. Dangi suka yi ta murna, ɗan wa da 'yar ƙane, zumunci ya ƙara ƙarfi. Ana jeren ɗaki Mairo ta taɓa Tani ta ce, "Allah Ya so mu ba Attahiru na ba." Suka yi dariya har da tafa hannu. Tsofaffin da suka jefa tururuwa duk sun riga sun kwanta dama, ita ma Mairo shekara uku da bikin ta bi su.

Auren ya yi albarka, wannan ba mai musu. Lawali manomin albasa ne, mutum shiru-shiru, mai tsoron Allah har abin ya so ya yi yawa. Bilkisu kuwa in ta ɗaga murya sau ɗaya a shekara to an yi abin mamaki. Suka haifi Mansur, yaro mai kai, wanda ya sauke izu goma tun bai kai shekara goma ba. Sannan aka haifi Firdausi.

Firdausi yanzu shekararta takwas. Kalmomin da take faɗa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ba ta iya ɗaura zane, yawu na bin haɓarta, kuma in ba daga hannun uwarta ba ba ta cin tuwo. Kullum tana gindin turmin kakarta tana cura ƙasa, wai ita ma gabu take yi. Tani da ba ta raga wa kowa, wannan yarinya ko tabarmar shanya ta taka sai dai ta ce, "Kai, uwar ɓarna, zo nan in share miki baki."

Mutanen gari kowa da abin da ya gano. Wata ta ce iska ce, don an ga Bilkisu a bakin rijiya da almuru tana da cikin. Wata ta ce baki ne, saboda an cika yabon Mansur. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an kai ta wurin wani mai magani a Shagari ya tsaga mata goshi, duk a banza. Tani ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Ita dai ta ce haka Allah Ya halicci abarSa, wanda bai iya gani ya kau da kai.

Da mijinta ya rasu ta ga ita ma ta fara leƙa hanya, sai ta shiga makarantar matan aure ta Malam Muhammad Sani, don ta gyara sallarta kafin a zo ɗaukarta. Bayan la'asar ake yi, a wani zaure mai labule, malam a waje ɗaya mata a waje ɗaya. Rabin karatun gyangyaɗi take yi, gaskiya ce. Ranar da aka zo kan matan da aure ya haramta da su ma ta fara lumshe ido, sai ta ji malam na cewa duk wanda jini ya haramta, shayarwa ma ta haramta shi. Ya ce in mace ta shayar da jariri, to ya zama ɗanta, kuma duk 'ya'yanta 'yan'uwansa ne, wanda ta haifa kafinsa da wanda ta haifa bayansa.

Barci ya watse. Wata yarinya a gaba ta ce, "Malam, ko ba tare sunka sha ba?"

Malam ya ce, "Ko da shekara ashirin tsakaninsu. Wanga shi na kuskuren da mata ka yawan yi."

Tani ba ta san yadda ta iso gida ba. Ta tarar da Bilkisu a tsakar gida tana ba Firdausi tuwo, loma ɗaya a baki loma ɗaya a ƙasa. Ta tsaya tana kallon su kamar yau ta fara ganin su. Wa da ƙanwa! Shekara goma sha biyu a ɗaki ɗaya, kuma ita da hannunta ta shafa wa ɗakin farar ƙasa. Ta dubi yawun da ke bin haɓar yarinyar, ta ce a ranta ashe ga inda abin ya fito. Ba iska ba ce, ba baki ba ne, nononta ne.

Amma kafin ta kai bakin ƙofarta wani tunani ya tare ta. To Mansur fa? Ba auren nan ne ya haife shi ba? In haram ce ke lalata kai, me ya sa ta tsallake shi ta faɗa wa ƙanwarsa? Ko ita haram ɗin zaɓe take yi? Ta shiga ɗaki da wannan, ta fito da shi, ta kwana da shi, ta tashi da shi. Ranar har gishiri ta zuba wa kunu.

Abin da ke gabanta a fili yake. In ta yi magana, gidan ɗanta ya watse. In ta yi shiru, ta bar 'ya'yanta biyu cikin abin da aka hana, kuma ita kaɗai ta rage a duniya da ta sani. Sai ta yi wa kanta wata dabara irin ta wanda ruwa ya ci. Ta ce za ta kai yarinyar asibiti a duba. In likita ya ce nonon ne ya taɓa ta, to Allah Ya nuna fushinSa, dole ta faɗa. In kuma ya ce wani ciwo ne daban, to alama ce an yafe, sai ta ja bakinta ta mutu da abinta. Kada ka tambaye ni inda ta samo wannan hukunci. Ita ma ba ta sani ba, amma ta riƙe shi gam.

Ranar kasuwa ta ce za ta kai gabu Bodinga, kuma za ta tafi da Firdausi ta sha iska. Ɗan kabu-kabu ya fitar da su bakin titi, suka shiga bas. A asibitin akwai wata ma'aikaciya, Jamila, wadda uwarta ta daɗe tana sayen gabu wurin Tani. Ta karɓe su da fara'a, ta duba idon yarinyar da kunnenta, ta ba ta murfin biro ta ga yadda za ta riƙe, sannan ta fara tambaya.

"Inna, a gida anka haihe ta?"

"A gida. Kwana biyu uwar na bisa gwiwa."

"Da ta faɗo ta yi kuka nan take?"

Tani ta ce, "Sai da anka yayyafa mata ruwa."

"Idonta ya yi ɗorawa bayan haihuwa?"

"Shawara? Ta yi, ƙwarai. Mun ba ta jiƙo, mun sa ta hantsi, ta washe da kanta bayan suna."

Jamila ta rubuta. Ta tambayi ko yarinyar ta taɓa yin zazzaɓi mai sa jijjiga. Tani ta ce ta yi, tana shekara biyu, cikin damina, ruwa ya yanke hanya, sai washegari aka samu aka fito da ita. Jamila ta sake rubutawa. Sannan ta ce, "Uwar da uban, akwai dangantaka?"

Tani ta ce, "Wace iri?"

"Ta jini."

"Ɗan wa da ɗiyar ƙane na."

Jamila ta ajiye biro ta yi mata bayani a hankali. Ta ce akwai ciwon da ke kwance cikin jinin dangi ba a sani ba, in uwa da uba jininsu ɗaya yakan samu hanyar fitowa a kan wani yaro ya bar wani. Ba kullum ba, yawanci lafiya lau ake haihuwa, amma yakan faru. Ta ce doguwar naƙuda ma na iya taɓa ƙwaƙwalwa, shawara mai tsanani na iyawa, zazzaɓin nan ma na iyawa.

Tani ta ce, "To wanne na a ciki?"

"Wallahi Inna ban iya ce miki ga shi. Ko babban asibiti kunka tahi cikin Sakkwato, su yi gwaji, ba lalle su raba miki ba. Kila ɗaya na, kila sun taru."

"Ke dai hwaɗa min ɗaya."

"In na hwaɗa na yi miki ƙarya."

Tani ta gyara zama, ta rage murya duk da ba kowa a ɗakin sai su. "To nono hwa? A ce uwar ta sha nonon da uban ya sha, tun suna jarirai."

Jamila ta dube ta. Yarinya ce mai hankali, ba ta tambayi kome ba. Ta ce nonon da uwa ta sha shekara talatin da suka wuce ba ya canza jininta, ba ya bin ta har ya shiga cikin ɗan da za ta haifa. Ta wannan fuska, babu ruwansa da halin Firdausi.

Tani ta ce, "Tsaya in gane. Auren zumunci da Allah Ya halatta, shi kuke tsoro. Wanda Ya hana kuma kin ce ba komi?"

"Ni ban ce ba komi ba, Inna. Na ce ba shi yat taɓa yarinya ba. Wancan zance na malamai na, ba namu ba."

Ta fito asibitin kanta ya fi na shiga nauyi. Ta zo neman amsa ɗaya an ba ta huɗu, kuma wadda ta zo dominta an ce ba ta ciki. A dabararta, tunda ba nonon ba ne, ai shi ke nan, sai shiru. To me ya sa zuciyarta ba ta kwanta ba? Gabun ma ranar a araha ta zubar da shi, abin da ba ta taɓa yi ba, har mai saye ya tambaye ta ko lafiya.

Wata biyu ta yi a haka. Ta daina zuwa makaranta. In ta ce jini ne, sai ta tuna ita ma da mijinta akwai zumunta ta wajen uwa, ga Lawali garau, ga Attahiru na tuƙin mota har Legas. Amma kuma biyun da ta binne fa? In ta ce zazzaɓi ne, sai ta tuna tun kafin zazzaɓin yarinyar ba ta zauna da wuri ba. In ta ce shawara ce, sai ta ga ai jarirai nawa suka yi shawara a gidan nan suka tashi suna tsere. Wani lokaci har sai ta ji ta fi son a ce nonon ne, don aƙalla ta san inda za ta kama. Abin da ya fi ci mata rai shi ne safiya, in ta ga Bilkisu ta fito daga ɗakin mijinta ta durƙusa daga nesa ta gaishe ta. Sai ta amsa tana kallon bango. Bilkisu ta fara tambayar maƙwabta ko ta yi wa Inna wani laifi ne.

Daga ƙarshe ta ɗauki hijabi ta tafi gidan Malam Muhammad Sani da hantsi, lokacin da ba ɗalibai. Ta zauna bayan ƙofar zaure, suka gaisa, ta ce wata mata ce a Dandin Mahe ta aiko ta da tambaya. Ta zayyana masa komai, har da tururuwa. Malam ya saurara bai katse ta ba.

Ya ce, "Inna Tani, ki hwaɗa ma matag ga, abin da yaw wuce babu zunubi a kansu, tunda ba su sani ba. Ɗiyan kuma na ubansu na, halal, ba mai ce musu komi."

"Allah Shi gafarta Malam, to ita yarinyar da ba ta da lahiya? Ba horo na ba?"

"Horon wa? Mi tay yi? Gida nawa kika sani da irin wagga yarinya, kuma aurensu ba wata matsala? Gida nawa anka yi ɓarna da gangan ɗiya sunka hito lahiya lau? Kada ki haɗa su. Ciwo daban, hukunci daban."

"To in ba horo na ba, ashe ba sai an yi magana ba."

Malam ya ce, "A'a. Ko da ɗiyan duk malamai sunka zama, nono dai an sha shi."

Wannan ya rushe mata dabararta gaba ɗaya. Ta tambayi yadda za a yi. Ya ce maganar mace ɗaya, bayan an riga an yi aure an hayayyafa, alƙali ba zai raba aure da ita ba. Amma in mijin ya ji ya gaskata a zuciyarsa, to bai halatta ya ci gaba da zama ba. Ya ce, "Abin na ga mijin. Shin shina gaskata uwatai?"

Tani ta tashi tana neman takalmi, ta sa na dama a hagu. Tana fita ta ji ya ce, "Allah Shi ba ki ƙarfin zuciya, Inna." Bai ce matar Dandin Mahe ba.

To ga inda aka zo. Da Lawali irin 'ya'yan nan ne masu cewa tsohuwa ta fara ruɗewa, da an huta. Amma shi tun yana yaro in uwarsa ta ce ruwa zai sauka, kwashe shanya yake ko da rana na tsaka. Bai taɓa kama ta da ƙarya ba, don ba ta iya ba. Tani ta yi kwana uku tana roƙon Allah abin da ba uwar da ta taɓa roƙa, wai Ya sa ɗanta ya ƙaryata ta.

A gida ba wurin yin wannan magana, sai ta bi shi fadama da buhu a hannu kamar mai neman lawashi. Yana ban ruwa, injin na ta ƙara. Ya hango ta ya taho da sauri ya durƙusa, don ba ta saba zuwa da rana tsaka ba. Ta juya masa baya, ta fuskanci kwamin albasa. Mace ta yi wa ɗan farinta zancen nononta! Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta fara magana, ya ce bai ji ba, ya je ya kashe injin. Wurin ya yi tsit, ta sake farowa daga haihuwar Bilkisu har zuwa abin da malam ya ce.

Ya daɗe a durƙushe. Ruwan da ke cikin kwami ya tsotse yana nan. Can ya ce, "Inna, shekara talatin da ɗaya ba kwana biyu ba ta. Kin tabbata? Ba wata ɗiya ta ba?"

Ta gane abin da yake yi. Ƙofa ya buɗe mata, yana roƙon ta ta bi ta ciki. In ta ce ta manta, ko ta ce kila a ludayi aka ba ta ruwa kawai, shi ke nan, ya tayar da injinsa, kowa ya koma gida. Ta buɗe baki da niyyar ta ce ta tsufa, kanta ba ya riƙe abu. Abin da ya fito shi ne, "Kwana huɗu. Ita a dama, Attahiru a hagu."

Ya ce, "To." Ta ji yana jan hanci a bayanta, ba ta waiwaya ba, ta kama hanya da buhunta wayam.

Daga ranar ya koma kwana a zaure. Ya je wurin malam da kansa, ya kira Lukman ƙanen Bilkisu da ke Shagari, aka zauna aka gama magana ba hayaniya. Mansur zai zauna wurin ubansa saboda karatu, Firdausi za ta bi uwarta. Gari ya ɗauka, kamar yadda ka sani. Masu cewa iska ce da masu cewa baki ne duk suka koma bakinsu ɗaya, wai dama sun san akwai wani abu a ƙasa. Tani ta tare biyu daga cikinsu a bakin rijiya ta wanke su tas, ta ce likita ya ce ba nonon ne ya taɓa yarinyar ba, malam ya ce ba shi ba ne. Suka ce to mene ne? Sai ta ɗauki tulunta ta tafi.

Abin da ya ba kowa mamaki Bilkisu ce. An zaci za ta faɗi ta suma. Ta yi kukanta kwana ɗaya, sannan ta tashi ta shiga haɗa kaya da wani irin kuzari, tana wanke kwanoni tana jerawa a buhu, har da 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Mata suka fara cewa ashe dama ta gaji da auren.

Ranar tafiya Lukman ya turo mota ƙarama ta tsaya a ƙofar gida. An gama loda kaya, Lawali ya sulale fadama tun da sassafe don kada ya gani. Bilkisu ta shigo ɗakin Tani da Firdausi a hannu. Maimakon ta durƙusa daga bakin ƙofa yadda ta saba shekara goma sha biyu, sai ta zo ta zauna a bakin gado, kafaɗa da kafaɗa, ta dubi Tani cikin ido.

Ta ce, "Inna, kada ki sa ma ranki damuwa. Ni ban riƙe ki da komi ba. Da ba ki ba ni ba kila da ban rayu ba."

Ta kama hannun Tani ta ci gaba.

"Kuma ni na ga alheri a ciki. Shekara shida ina cewa ni nik kashe mata kai, da ban hito da ita ba ranar zazzaɓin nan. Ashe ga dalili. Yanzu tunda an gano an raba, ai an cire abin." Ta shafa kan yarinyar. "Tana samun sauƙi, ko Inna? Ko a hankali na?"

Ashe abin da ke riƙe da ita ke nan. Da wannan ta wanke kwanoni, da wannan za ta bar mijin da take so da ɗanta na fari. Tani ta san abin da Jamila ta ce, ta san abin da malam ya ce, a kan wannan gaɓa kaɗai bakinsu ya zo ɗaya. Ta dubi fuskar Bilkisu, ta dubi Firdausi da ke wasa da gefen hijabin uwarta. Direba ya danna hon a waje.

Ta ce, "Allah Shi ka da iko, ɗiyata."

Bilkisu ta yi murmushi ta ce, "Na sani." Ta ɗauki yarinyar suka fita.

Yau wata bakwai ke nan. Tani na nan tana gabunta, sai dai hannu ya rage sauri, kuma ba mai taka mata shanya. Lawali na kawo mata lawashi da kansa, ya ajiye, ya gaishe ta, ya tafi. An yi masa zancen wani aure ya ce a bar shi tukuna. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci Bilkisu na kira a wayar Mansur, ya kawo wa kakarsa ya kara mata a kunne. Sai ta ba Firdausi wayar ta ce ta gaida Inna. Tani ta ji numfashi, da ɗan gurnani, da ƙarar wayar na gogar kunci, daidai yadda ta san su.

Sai Bilkisu ta karɓa da ɗoki. "Kin ji ta, Inna? Kamar bakin ya fara sakuwa, ko?"

Tani ta riƙe wayar da hannu biyu ta ce, "Kamar."